Injin Cire Furfura na Injiniya Safiyanu

Na daɗe ina ɗinki a unguwar Jekadafari da ke Gombe, kuma duk tsawon zaman nan bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Safiyanu. Allah ya jarrabi kowa da abin da ya jarrabe shi, ni da maƙwabci ya jarrabe ni.

Safiyanu mai gyaran rediyo ne da DVD, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Injiniya ne. Shi ya naɗa kansa, shi ya sayo fenti ya rubuta a ƙofar shago. Tun da fina-finai suka koma cikin waya aka daina kawo masa gyara, sai ya koma sana'ar bayani. Babu abin da bai sani ba. In jirgin sama ya wuce zai gaya maka abin da ke damun injinsa.

Wata rana da hantsi keke napep ya sauke masa buhu biyu na tarkace. Daga wajen Obumneme suka fito, wani Inyamuri mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta a kasuwa, wanda a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Abin da ke cikin buhun, irin akwatin nan ne na cikin kwamfuta da ake zura faifai a buga masa fim. Safiyanu ya wuni yana farke su. Da la'asar ya leƙo shagona, a tafin hannunsa wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar masara ba.

"Tela, ka san mene ne wannan?"

"Maɓallin riga."

"Allah ya raba mu da jahilci. Leza ce. Ta cikin DVD ɗin gidanku karanta faifai kawai take yi, ƙarfinta bai wuce miliwat biyar ba. Wannan kuwa ƙona faifan take yi. Ka ga an rubuta sha shida a goshin akwatin nan? Saurinsa ke nan. Iyakar saurin akwati, iyakar ƙarfin lezarsa. Wannan ta haura miliwat ɗari biyu."

"Ɗari biyun nan za ta ɗauki dutsen gugata in an ɗauke wuta?"

"Kai komai guga! Ƙarfin nan a tsinin allura yake taruwa. Ka saurara, nan da ɗan lokaci Turawa za su zo Jekadafari ɗaukar darasi."

Turawa ba su zo ba, amma hayaƙi ya zo. Ya jona ta farko kai tsaye da batirin babur, ta yi wal sau ɗaya ta mutu. Ya ce jabu ce. Ya jona ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai da ya kashe kusan rabin buhu kafin ya yarda cewa abin ba ya son wuta da yawa, shi ma bai yarda da baki ba, cewa ya yi dama gwaji yake. Ya ciro abin murɗa sauti na wata tsohuwar rediyo ya sa a tsakani, ya maƙala ɗan gilashin da ke tara hasken. Abin haushi, sai ta yi aiki.

Daga ranar unguwa ta shiga uku. Ya auna jan ɗigon hasken da take fitarwa a ledar ƙosan da Bashira, mai suya a bakin layinmu, ta ƙulla wa wani, leda ta huje, ƙosai ya zube a ƙasa. Ya rubuta harafin farko na sunansa a kujerar keken wani bawan Allah da ya shiga masallaci. Ya kunna ashana daga nesa, yara suka yi ta ihu, shi kuwa yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Bashira ta ce, "Injiniya, wa zai biya ni ƙosaina?"

"Hajiya, ƙosanki ya shiga tarihi."

"Ƙasa ya shiga. Kaji ma sun gama da shi."

Ashe kowane akwati leza biyu ce a ciki, ɗaya ja, ɗaya kuma ido ba ya ganin haskenta sam. Safiyanu ya jona irin ta biyun, bai ga komai ba, ya ce matacciya ce, ya ajiye ta a kan tagar da ke tsakaninmu bai cire waya ba, ya tafi cin abinci. A daidai tagar na rataye baƙar kwat ɗin Malam Isaiah. Ina cikin taka keken ɗinki na ji ƙauri. Na duba dutsen guga, a kashe yake. Na waiga, sai ga siririn hayaƙi yana tashi daga kafaɗar kwat.

Malam Isaiah malamin firamare ne a Nasarawo, mutumin Kaltungo, shekarunsa hamsin da 'yan kai. Matarsa ta rasu da daɗewa. Mutum ne mai sanyi, ko akuya ba ya iya kora da ƙarfi. Ya kawo kwat ɗin ne a rage masa, domin ranar Asabar zai je gaisuwar farko gidan su Lois, wata ma'aikaciyar jinya da suke waƙa tare a majami'a. Ita dai ta amince. Matsalar kawunta ne, Baba Jerome, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke unguwar Federal Low-Cost, wanda shi ya riƙe ta, kuma bai taɓa ganin Isaiah ba. Ya riga ya aiko da magana cewa Lois jinya take yi a asibiti, ba zai ba ta wani majinyacin a gida ba. In tsoho ne, kada ma ya ɓata kuɗin keke.

Da ya zo karɓar kwat na nuna masa inda na toshe hujin, ina ba shi haƙuri. Ko kallon wurin bai yi ba. Madubina yake kallo, yana shafa kai da gemu.

"Malam Anas, kwat ba ta dame ni ba. Dubi kan nan. Rabi da rabi ne fa. Baba Jerome na ganina zai ce a kawo mini sanda."

"Ka shafa baƙin rini mana."

"Na taɓa shafawa. Fuskata ta kumbura, 'yan ajina suka gudu."

Ban rufe baki ba sai ga kan Safiyanu ta taga. Kunnen mutumin nan ya fi rediyon da yake gyarawa.

"Malam, furfura ce damuwarka? Ka zo gidan magani. Mece ce furfura? Gashi ne da ya tsufa, ya raunana. Baƙi kuwa matashi ne, da ƙarfinsa. In na saita lezata daidai ƙarfin da zai kashe mai rauni, ya bar mai ƙarfi, me ya rage a kanka?"

A hankali Isaiah ya ce, "Baƙi."

"Ka ga mai ilimi! Tela, da kai ne sai mun kwana a nan."

Na ce, "Malam Isaiah, mutumin nan yanzun nan ya ƙona maka kwat."

Safiyanu ya ce, "Da wadda ta mutu ma ke nan. Ka yi tunanin mai rai."

Na ja Isaiah gefe na roƙe shi ya rufa wa kansa asiri. Ya ce zai yi tunani. Amma na ga idonsa, na san an gama. Mutumin da soyayya ta kama bayan ya haura hamsin, ba ya jin kira.

Na dai matsa sai an gwada a kan wani abu tukuna. Aka kamo farin ragon mai gidan da muke haya. Safiyanu ya auna masa jan ɗigon a gadon baya, ya murɗa, ya ƙara murɗawa. Ko gashi ɗaya bai motsa ba. Rago ya ci gaba da tuƙarsa.

Na ce, "To, ga fari nan, bai ƙone ba."

"Wannan farin haihuwa ne, ba furfura ba. Ragon nan ko shekara biyu bai yi ba. Ka ga har inji ya san bambanci, kai ba ka sani ba."

Wallahi har yau maganar nan tana ba ni haushi.

Kafin Asabar ya haɗa injin. Leza takwas ya jera a bayan wani ƙaton matajin roba, ya ɗaure da zaren da ya ɗauka a shagona ba da izini ba, wayoyi suka bi ta cikin gwangwanin madara zuwa batir. Ya kafa allo a bakin titi: ANA CIRE FURFURA, BA CIWO, BA RINI. Ya bi majalisa-majalisa yana gayyata, har da cewa dattawa su zo da wuri domin layi zai yi tsawo.

Ranar Asabar da hantsi layinmu ya cika. Masu keke sun faka, Obumneme ya rufe shago ya zo ganin abin da aka yi da tarkacensa, Bashira ta matso da kaskonta don ciniki. Aka zaunar da Isaiah a kujerar roba a tsakiyar fili. Na naɗe masa ido da farin ƙyalle ninki huɗu, don wannan kam ko Safiyanu ya yarda cewa hasken yana makantarwa. Shi kuma ya ɗora gilashin masu walda, irin wanda in ka sa ko rana da ƙyar kake gani.

Ya ɗaga murya. "Jama'a, duk wanda ya kalli hasken nan, idonsa ya tafi. Kowa ya juya baya!"

Haka aka yi. Mutum sama da hamsin sun bar sana'arsu sun zo kallo, ga su tsaye sun ba abin kallon baya, suna kallon bangon masallaci. Mai aikin ba ya gani, wanda ake yi wa ba ya gani, 'yan kallo ba sa gani.

"Miliwat ɗari da hamsin! Bismillah."

Muka ji wani ɗan ƙara, tas-tas-tas, kamar ana soya gero. Sai ƙauri ya taso.

Bashira ta ce, "Wa ke babbakar kai da ƙafa da safiyar nan?"

Isaiah ya ce, "Injiniya, da ɗan zafi fa."

"Tsufa ne ke fita, Malam. Daure."

Wani kare ya shigo layin yana shinshina, aka kore shi, ya dawo da abokinsa. Can Safiyanu ya ce ya kashe, a juyo. Muka juyo. Kowa ya zuba wa kan Isaiah ido.

Obumneme ne ya fara magana. "Injiniya, kamar fa farin ya ƙaru."

Safiyanu ya ɗaga gilashi, ya leƙa, ya mayar da sauri. "Haka ake so. Furfurar ce ta firgita ta fito fili. Dā a ɓoye take a ƙarƙashi. Yanzu da ta fito zan same ta da kyau. A juya! Ɗari biyu!"

Isaiah ya ce, "Malam Anas, yaya ake ciki?"

Me zan ce wa mutumin da ke da gaisuwar aure bayan azahar? Na ce, "Ana kan aiki, Malam."

Aka sake juyawa. Wannan karon ƙarar ta fi ta farko, Isaiah yana ta addu'a da harshensu, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa. Safiyanu kuwa bayani yake wa bayan jama'a, yadda zai buɗe reshe a Bauchi da Yola, da yadda manyan ma'aikata masu tsoron ritaya za su riƙa aiko masa da mota. Da aka juyo, kan Malam Isaiah ya zama kamar an kifa masa ƙwaryar fura da nono. Ɗan baƙin da ya rage a gemu ne kawai da ƙeya.

Wani dattijo da ya zo bin layi ya sa hularsa ya sulale.

Na ce, "Safiyanu, ka tsaya haka nan."

"A tsakiyar aiki? Ka taɓa ba mutum riga da hannu ɗaya? Furfurar mutanen Kaltungo taurin kai gare ta, ruwan dutse suke sha. Zan ba ta duka abin da ke cikin batir. A juya!"

Ya murɗe abin har ƙarshe. Ya bi gemu, ya bi ƙeya, ya bi gashin baki. Sai muka ji Isaiah ya yi ƙara ya miƙe, kujera ta faɗi, matajin ya narke a hannun Safiyanu, lezojin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Isaiah ya fizge ƙyallen ya ruga wajen madubin wani keke.

Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai yi zagi, ko ya kai duka. Sai kawai ya ce, "Wannan ai babana ne." Hawaye ya zubo masa. Ni da na zo da shirin dariya, tausayi ya kama ni.

Babu baƙin gashi ko ɗaya. Furfura kuwa ko guda ba ta yi ciwon kai ba, tana nan tsaye, ta samu fili.

Bashira ta riƙe haɓa. "Ni fa ledata baƙa ce."

Mai keken da aka yi wa rubutu a kujera ya ce, "Kujerata ma baƙa ce."

Na ce, "Kwat ma baƙa ce. Rago kuwa fari."

Obumneme ya tafa hannu. "Chineke! Baƙi take ci! Injiniya, ka ƙera injin sa tsufa!"

Wurin ya ɓarke. Wani yana cewa a kai wa masu neman sarauta, wani yana cewa a kai wa yaran da ke son a ba su kujera a mota. Safiyanu ya cire gilashi ya ce, cikin natsuwa, "Ka'idar daidai take. Juyewa kawai ta yi."

Aka kira wanzami ya aske komai a huta. Ya duba fatar, duk ƙananan bororo, ya ce shi askarsa ba za ta hau nan ba sai ta warke. Safiyanu ya kawo shawarar a shafa baƙin gindin kaskon Bashira. Don ruɗewa har aka shafa. Zufa ta kwaso shi ta gangaro da shi kan farar riga, aka wanke, na ba Isaiah aron wata rigar. Lokaci kuma ya yi.

Dama ni zan raka shi. Muna shiga keke sai ga Safiyanu ya ɗare gaba kusa da direba. Wai dole ya je ya yi wa surukai bayani a kimiyyance, kada su yi wa abin mummunar fahimta. Isaiah ba shi da sauran ƙarfin hana kowa komai.

Baba Jerome na zaune a barandarsa a Federal Low-Cost, da 'yan'uwa maza biyu. Tsoho ne da ya haura saba'in, amma tsaf da shi. Yana hango Isaiah ya yi zumbur ya miƙe, ya cire hula, ya kama shi da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Baba. Ai da ka aiko yara, ba sai ka taso da kanka ba. Zauna a nan, kujerar ta fi laushi. A kawo wa Baba matashi ya jingina!"

Kafin Isaiah ya yi bayani har an ja shi zuwa kujerar. Aka zaunar da shi, aka sa masa matashi a baya, aka tambaye shi ko yana iya shan ruwan sanyi. Sannan Baba Jerome ya dube ni, ya dubi Safiyanu.

"To Baba, wanne ne ɗan naka a ciki?"

A daidai nan Lois ta fito da tire. Ta kalli wanda ke kan kujerar kawunta, ta ajiye tiren a hankali don kada ya suɓuce.

"Isaiah? Me ya same ka? Kuma mene ne ke ƙauri?"

Baba Jerome ya ce, "Wane Isaiah? Wannan ne? Ke Lois, wannan ai ya yi soja da kakanki!"

Isaiah ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya faɗi komai, bai rage ba: tsoron da ya ji, da rinin da ba ya iya shafawa, da matajin. Ya ce da safiyar nan rabin kansa baƙi ne, ga Malam Anas shaida. Na ce ƙwarai, ni na naɗe masa ido. Lois ta zagaya bayansa tana duba bororon, tana cije leɓe, ban sani ba ko faɗa take dannewa ko dariya.

Ta ce, "Kawu, gaskiya yake faɗa. Sakarci ne ya yi, amma saboda ni ya yi."

Baba Jerome ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da hularsa.

"Tashi. Ni abin da idona ya gani nake yarda da shi. Ka je ka warke. In baƙin ya tsiro ka dawo in gani, in rabi da rabi ne kamar yadda kuka ce, na ba ka. In bai tsiro ba, ka riƙa zuwa muna hira irin ta tsofaffi."

Isaiah ya fara godiya, har fuskarsa ta saki. Da an tashi a nan da an rabu lafiya. Amma an taɓa martabar inji, kuma mai inji yana wurin.

Safiyanu ya gyara zama ya ce, "Baba, a yi mini afuwa. Ni ne injiniyan. Wane irin tsiro? Miliwat ɗari biyu da hamsin na sakar masa, sau takwas a jere. Gashin da lezata ta ci, har saiwarsa ta ci. Ba ya dawowa har abada. Ni ba na aikin jabu."

Lois ta dafe ƙirji. Isaiah ya juyo gare ni a hankali, ya kama hannuna.

"Malam Anas, kai ne maƙwabcinsa. Tsakaninka da Allah, tun da kake da mutumin nan, ya taɓa faɗin abu ya zama gaskiya?"

Na yi tunani sosai, don rantsuwa ce aka ba ni. Na ce, "Ko sau ɗaya."

Isaiah ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ɗaga hannu sama.

"Na gode wa Ubangiji. Baba, a ajiye mini ita, ina nan dawowa."